Layin da Yaya Ya Goge

Yaya ya danna maɓallin karo na uku, kwamfutar ta sake yin ƙara ta tsaya cak. Jadawalin aikin nas-nas ya ƙi fitowa a babban allo, shugabar asibitin kuma ta fara duban agogo.

Auta tana ƙarshen tebur tana rubuta bayanin taro. Ita ta haɗa shirin kwamfutar da ke fitar da jadawalin. Wata biyu ta yi tana hana kanta hutun rana, don ya riƙa raba wa nas ɗari da ashirin ranakun aiki da dannawa ɗaya. Da shi take sa ran a tabbatar da ita a aiki, gurbin kuwa ɗaya ne tak. Yaya, abokin aikinta da ta ɗauka kamar ɗan'uwa, shi ya ce shekaranjiya, "Kawo in duba miki, ƙanwata." Yau ga shi ya miƙe yana cewa, "Wani ɗan abu ne na haɗa." Satar ta yi mata ciwo, amma "ƙanwata" ɗin nan ya fi ƙona mata rai.

Da ya buɗo rubutun shirin, kallo ɗaya ta gane. Shirin yakan fara da ƙirƙirar jeri wanda babu komai a ciki, kamar a ajiye kwando kafin a zuba kaya, sannan ya jera sunaye ɗaya bayan ɗaya. A gefen layin da ke ƙirƙirar jerin ta saba sa sunanta. Yaya ya hango sunan ana dab da shiga taro, ya ga alamar rubutu ta baka biyu babu komai a tsakaninsu, ya ɗauka layin ado ne, ya share shi gaba ɗaya.

"Auta, ke ma kina taɓa kwamfuta," in ji shugaba. "Taimaka masa mana."

Ta taso. Yaya ya matsa mata, gumi har wuyan riga. Ta rubuta layin, kowa yana kallo a allo, ta kai ƙarshensa.

"Ya isa haka," ya raɗa mata. "Ki rufa min asiri."

Ta ƙara harafi huɗu, ta danna. Jadawalin ya zubo tsaf.

Shugaba ta gyara tabarau. "Me sunan Auta yake yi a cikin aikinka?"

"Yi haƙuri, Yaya," in ji Auta, ta ɗauki bironta. "Hannuna ne ya saba."