Takalmin Ilham

Tun ranar da aka sa wa 'yata Ilham ƙafar roba likita ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da zan riƙe. Ya ce sun yi ƙoƙari sun bar mata gwiwa bayan hatsarin keke da ya rutsa da ita, amma ƙashin da ya rage a ƙasan gwiwar gajere ne, naman da ya rufe shi kuma ba shi da kauri. In dungun ya fashe, ciwo ya shiga ƙashi, sai dai a sake yankewa daga sama. Shekarunta bakwai lokacin. Tun daga ranar aikina ya zama gadin gwiwar nan. Ina wanke dungun, in shanya safarsa, in duba shi safe da yamma a bakin taga inda haske yake.

Matsalar ƙafar ita ce tauri. Duk takun da ta yi a titinmu na Kurmin Mashi, mai tsakuwa da ramuka, a kan ƙashin yake sauka. Kafin ta kai bakin layi ta fara cije leɓe.

Yayana Sharhabil malami ne a sashen injiniyanci. Shi da ɗalibansa suna haɗa wani mutum-mutumi mai tafiya da ƙafafu, kullum kukansa shi ne abin yana faɗuwa saboda tafin ƙafarsa ba ya shanye bugun ƙasa. Wata Asabar ya zo ya same ni a tsakar gida ina gyaran ƙafafun shanu da Abban Ilham ya sayo, zan yi farfesu. Na ɓare kofaton ke nan ya tsuguna ya sa yatsa yana danna wani kitse mai laushi da ke ƙarƙashin ƙashin.

"Sadiya, kin ga wannan?"

"Na gani, Yaya. Kitse ne. Cire hannunka, ko wankewa ba ka yi ba."

"Sa yana ɗauke da nauyin nan duka, ya taka daga Mararraba zuwa kara, kasuwar shanu, bai taɓa cewa wash ba. Wannan ne sirrin. Ki duba, ɗaki-ɗaki ne a ciki."

"To ka bari ya dahu ka ci sirrin da burodi."

Bai ci ba. Ƙafa biyu ya naɗe a leda ya tafi da su, Ilham tana bin sa da ihu, "Kawu ɓarawon farfesu!"

Ya daɗe yana aikin. Wani da ya haɗa ya yi laushi har ya lotse, wani ya tsage da zafin rana. Daga ƙarshe ya kawo wani ɗan matashi na roba, fari, cikinsa ƙananan ɗakuna cike da wani abu mai kauri kamar man kaɗanya. Ba a iya manna shi a jikin ƙafar, gam ba ya riƙe shi, don haka ya dasa shi a cikin kambas ɗinta. Don kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai ya kankare tsohuwar robar da ke diddigen ƙafar, ya bar wa matashin wuri.

Na tambaye shi, "In ta cire takalmin fa?"

"Kada ta cire. In babu shi, a kan ƙarfe take tafiya."

Ranar da ta fara sa shi, Ilham ta yi gudu. Ba gudu sosai ba, amma ta bi kazar maƙwabta har bayan tankin ruwa. Abbanta ya shige ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Na tsara komai. A gida na ce ita kaɗai aka yafe wa shiga ɗaki da takalmi, na ajiye tsumma a bakin ƙofa tana gogewa. Makarantar boko dama da takalmi ake zama. Saura haddar yamma a Unguwar Kanawa, wadda ake yi a saman benen wani masallaci. Na je da kaina na sami Malama Kaltume na yi mata bayani, har na cire takalmin na nuna mata.

Ta ce, "Maman Ilham, lalura ce. Ta hau da shi, babu laifi. Ni zan faɗa wa sauran."

Na dawo hankalina kwance.

Da farko jan da na gani a dungun kaɗan ne. Na kira Yaya, ya ce sabon abu ne, jiki zai saba, amma ya zo ya duba matashin ya ga lafiyarsa ƙalau. Ni ma na duba takalmin, babu abin da ya same shi. Har na yi mamakin yadda ƙasansa bai cinye ba. Na ƙara mata safa, na rage mata wasa. Ja ya zama ƙurji. Ta fara cire ƙafar da kanta kafin in zo, ta ce ta riga ta wanke. Sai wata safiya na taɓa goshinta na ji zafi, na ɗaga zanen na ga safar ta manne.

Da yammar ranar, bayan mun dawo daga asibiti da allurai, na tafi makarantar haddar in faɗa musu ba za ta zo ba. A ƙasan matakala takalman yara ne jibge kamar kullum. Wata yarinya ta gan ni ta ce, "Umman Ilham, ga wurin da take ajiye nata," ta nuna mini wani lungu bayan randar alwala.

"Ajiyewa take yi?"

"Eh mana. Sai ta hau tana ƙwas ƙwas. Mu muke riƙe mata jaka."

Malama Kaltume ta rantse ta yi mata magana ba sau ɗaya ba. Ilham takan ce to, ta sa, in Malama ta juya ta sauka ta cire. Daga baya da ta ga yarinyar tana hawa da sauka ba ta kuka, sai ta ɗauka ba wani abu ba ne. Benen siminti ne tsura, ajin kuma tabarmar leda ce a kan siminti. A kai suke tsayuwa su ba da hadda, su sauka alwalar la'asar, su sake hawa.

Da na koma gida na zauna a bakin gadonta. Ban yi faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa.

"Ilham, me ya sa?"

"Umma, Alƙur'ani fa ake ajiyewa a kan tabarmar."

"An ce an yafe miki."

"Ke kika ce ba a taka wurin karatu da takalmi. Kuma da shi nake shiga banɗaki." Sannan ta ce, "Kada ki faɗa wa Kawu. Zai ce nasa ne bai yi kyau ba."

Allurai ba su yi aiki ba. An wanke ciwon, an sake wankewa. Hoton da aka ɗauka ya nuna ya kai ƙashi. Likitan nan na farko ne ya sake ja na gefe, wannan karon bai yi dogon bayani ba.

Da safen da za a shiga da ita tiyata, Yaya Sharhabil ya zo da ido jawur, da wani abu a aljihu. Sabon matashi ne, wannan da ƙananan kusoshi ake ɗaure shi a jikin ƙafar kanta, ko da takalmi ko babu. Ya ce ya gwada shi a kan mutum-mutuminsu, ya hau bene ya sauko bai faɗi ba. Yana magana yana kallon ƙasa.

"Ni ban taɓa tunanin masallaci ba, Sadiya. A ɗakin gwaji kowa da takalminsa yake."

Ƙafar da ya yi wa shi tana jingine a bayan ƙofa, an ce ba za ta ƙara yi mata amfani ba, wata iri za a nema mai gwiwar ƙarfe, in an samu.

Ilham ta karɓa ta danna shi da yatsa. "Kawu, wannan ma na farfesu ne?"

Ya yi dariya, dariyar ba ta ƙarasa ba, ya fita baranda.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu shirya. Ina ɗaure mata igiyar rigar asibiti ta baya sai ta ce, "Umma, in babu gwiwa yaya zan yi zaman tahiya?"

"A kan kujera, kamar kakarki Hajiya."

"Hajiya ai tsohuwa ce."

"Haka ne."

Na ɗora hannu a kan gwiwar. Da ɗumi, da tabon faɗuwar da ta yi tana koyon tafiya. Na bar hannuna a wurin har suka turo gadon.