Ƙyallen Hedi

Mbarka da jikarta Shadliya suna zaune a bakin teku, kusa da kangon Rumawa. Suna da zaitun, suna da awaki. Labarin Hedi ne kawai ba su da shi, ɗan Mbarka, uban yarinyar, wanda ya fita kamun kifi kafin iska ta tashi.

A tsakiyar kangon, tsakanin ginshiƙai, akwai wani tsohon ɓaure. Duk mai mutum a teku yakan yagi ƙyalle daga rigar mutumin ya ɗaura a reshe, ba mai kwancewa sai mai rigar da hannunsa in ya dawo. Na Hedi shuɗi ne.

Ran nan babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya daga nesa, aka kawo su gaɓa a kwalekwale. Shadliya tana kiwo a kangon. Si Munsif, mai yi wa baƙi jagora, ya tsaya da su ƙarƙashin ɓauren.

"Baba Munsif, me ka ce musu suke dariya?"

"Na ce bishiyar sa'a ce. Ke 'yar awaki, matsa, kina tare musu hoto."

"Ai ba ta sa'a ba ce."

"To zo ki yi musu Turancin, malama!"

Bayan sun wuce, sai ta ga reshen Hedi fayau. Ta ruga gaɓa. Kwalekwalen ya riga ya tashi. Wata baƙuwa mai fara'a tana ɗaga mata hannu, shuɗin ƙyallen ɗaure a wuyan hannunta. Shadliya ta yi ta ihu, matar ta ƙara ɗaga hannu.

Ruwa ya fara yin baƙi, tsuntsaye suka yi tsit. Da ta koma kangon, ta tarar da Mbarka tsaye, tana shafa reshen.

"Kaka..."

"Duba, 'yar nan! Ba yanka aka yi ba, kwancewa aka yi. Ja'irin ya sauka, nan ya fara zuwa, ko gida bai leƙa ba. Maza kora awaki, zan ɗora masa kuskus da kifi."

Tsohuwar ta kama hanya da saurin da ta daɗe ba ta yi ba. Iska ta taso, sauran ƙyallayen suka shiga kaɗawa.

Shadliya ta san babanta bai dawo ba, kuma ita ce za ta faɗa wa kakarta kafin abincin ya nuna.