Igiyar Iyafis

Shekara talatin da ɗaya Koci ya yi yana sa 'ya'yan mutane gudu a filin makaranta, usur a baki, agogo a hannu. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi kwana biyu ba, shi ne hawan jini ya shanye wa ɓarin hagu rana guda, yana cikin ɗaure takalmi. Ranar da aka sallame shi, likita bai yi wa matarsa ɓoye-ɓoye ba. Ƙafar nan, in ji shi, ko dai ta taka ƙasa kullum safiya, ko ta sandare a nemo keken guragu. Kuma lallai wani ya riƙa tafiya ta hagunsa, don can jikin yake rinjaya.

Faɗa da baki ai ba wuya. Matar, wadda duk unguwa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta, ta san da wa take zaune. Ranar farko da suka fito ta kai hannu za ta kama shi, sai ya fizge.

"Rabin mazan layin nan ni na koya musu tsalle," ya ce. "Ba za su gan ni ana ja na kamar akuya ba."

Ya juya ya koma ciki. Kwana tara bai sake leƙa ƙofa ba, ita kuwa tana kallon ƙafar tana ƙara nauyi, tsoro na cin ta.

A aljihun teburinsa ta tsinci mafita: wata 'yar na'urar waƙa, ba ta fi kwalin ashana ba, wadda yake gudun safe da ita a da. Tela ta ɗauki igiyar iyafis ɗin da ake sawa a kunne a ji waƙar, ta gwada da tef. Ta auna daga kunnensa zuwa nata idan kafaɗa na gogar kafaɗa, ta naɗe rarar, ta ɗinke da baƙin zare yadda ba za ta saki ba. Washegari ta ce masa ita dai tana son jin waƙoƙin nan nasa na tsofaffi, ya ba ta kunne ɗaya mana, rowa ba kyau.

Haka suka fara. Shi da kunnen hagu, ita da na dama, na'urar a aljihun rigarsa. Igiyar gajera ce, duk wanda ya matsa sai ta fizge, don haka dole su manne. In jikinsa ya karkata, kafaɗarta na nan. Waƙa huɗu zuwa, su wuce shagon mai faci da katangar makaranta, waƙa huɗu dawowa. Masu shaguna suna tsokana, wai soyayya ta dawo sabuwa, Koci yana ɗaga musu hannun dama yana dariya. Kafaɗar Tela kan yi tsami har ta kasa murza keke da rana, amma ko a fuska ba ta nuna ba. Wata biyar suna haka, har ya fara ɗaga ƙafar maimakon jan ta.

Sai ga Auta, 'yarsu da ke aiki a wani gari, ta zo hutun kwana uku. Yarinya ce mai son iyayenta, ba wanda zai ce ba haka ba. Ta ga iyafis duk salatif da zare, ranta ya sosu, wai ubanta na yawo da tarkace ita tana raye. Ba ta shawarci kowa ba, ta fita ta sayo sabuwar na'ura da iyafis marasa igiya, ta juye waƙoƙin, tsohon iyafis kuma ta jefa a shara.

"Yanzu kowa ya sake, Baba," ta ce. "Ba sai Mama ta yi ta bin ka kamar jela ba."

Koci ya yi ta juya abin a tafin hannu yana sa mata albarka. Me Tela za ta ce, a gabansa? Ta ce a ranta gobe ɗaya dai, za ta manne masa ko babu igiya.

Ba ta samu ba. Suna fita ya ce ta ɗan ba shi fili, zafi ake yi. Waƙar na kunnenta, shi kuwa ya yi gaba da taku biyu, da uku, ƙirji a buɗe kamar dā. Daidai katangar makaranta, inda sabon malami ke sa ɗalibai tsalle, jikin ya rinjaya hagu. Tana gani, ta miƙa hannu, ba ta kai ba. Ya faɗi a bakin kwata, fuska a ƙasa. Ɗalibai suka daina tsalle suka taru a jikin katangar suna leƙe. Mai faci da wani direba, dukansu tsofaffin ɗalibansa, su suka ɗauko shi cak kamar buhu har gida, suna ta "sannu Koci, sannu Koci."

Ba abin da ya karye, sai goshi da ya ƙuje. Da suka kwantar da shi, Tela ta ja Auta kicin, nan fa abin da ta haɗiye wata biyar ya fito.

"Wa ya aike ki? Kin ɗauka talauci ne ya sa na ɗinke igiyar nan? Ita ce ke riƙe da shi. Ni nake tallafe da ubanki duk safiya, bai sani ba."

Auta ta sa kuka. Sai a lokacin Tela ta lura ƙofar kicin a buɗe take, ta ɗakin da yake kwance ma haka.

Da sassafe, bayan Auta ta kama hanya da kumburarrun idanu, Tela ta je ta sayo iyafis mai igiya. Ta auna, ta naɗe, ta ɗinke, ta ciro tsohuwar na'urar. Ta same shi zaune a bakin gado, takalman suna gefe bai taɓa su ba.

"Tashi mu je, Baban Auta. Rana na yi."

Ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Tun ranar farko na sani," ya ce a hankali. "Shekara nawa ina ganin ɗinkinki, zan kasa gane shi?"

"To in ka sani, ai shi ke nan. Mu ci gaba yadda muke."

"Da ba wanda ya faɗa, ina iya fita. Yanzu an faɗa."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira likita ya yi masa magana a waya. Ta ce su riƙa zagaya tsakar gida, ya yi kwana biyu ya bari. Kullum safiya takan tsaya a bakin ƙofa da na'urar a hannu, shi kuma ya juya fuska bango. Baƙin cikinta biyu ne, na ƙafar da ke mutuwa a gabanta da na bakinta da ya jawo, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa na biyun.

Cikin wata na huɗu bayan faɗuwar aka kawo keken guragu. Mai faci ne ya shigo da shi, ya duba tayoyin, ya fita ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Koci ya dubi tazarar da ke tsakanin gado da keken, ba ta fi taku biyu ba. Ya gwada miƙewa, ƙafar ta ƙi. Sai ya ɗago hannunsa mai lafiya ya miƙa wa matarsa.

"Kama ni," ya ce.

Ta tsaya tana jira ko zai janye hannun. Bai janye ba, ta kama shi.