Awon Siddiƙu

Khaula ce ta tayar da maganar, ranar wata Asabar da hantsi, a gidansu na Arkilla. Tana aiki a wani gidan rediyo, an kuma ba ta shiri kan tarihin damben zamani a Sakkwato, wanda ake yi da safar hannu a kan dandamali mai igiya. So take ta san zamanin da ya fi kowanne ƙarfi a kowane ajin nauyi. Ba ta da wanda ya fi mahaifinta sani, don Malam Junaidu ya yi shekara goma sha huɗu yana awon 'yan dambe kafin ya bar aikin gwamnati. Shi ke ɗora su a sikeli da safe, ya rubuta nauyin kowa, a san ajin da zai shiga.

Ta ajiye wayarta a kan tabarma tana ɗaukar muryarsa. Da farko maganar ta yi masa daɗi. Ya ce manyan masu nauyi sun yi tashensu ne a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da mahauta biyu da wani soja suka hana kowa sakat. Matsakaita kuwa ba su taɓa yin wani zamani na kirki ba, mutum ɗaya ne ke fitowa ya yi ta bugun iska har ya tsufa. Ya yi dariya, ya kurɓi shayinsa.

Sai ta tambaye shi ajin kilo sittin. Ta ce duk tsohon da ta yi hira da shi, a nan yake tsayawa: daga tamanin da biyar zuwa da takwas, wai ba a sake ganin irinsu ba. Suna kiran sunan wani Arzika na Unguwar Rogo, suna cewa hannunsa ya fi ido sauri. Me ya kashe zamanin nan farat ɗaya?

Malam Junaidu ya ce haka zamani yake. Ya ce ta kashe wayar, kansa na ciwo.

Ba ciwon kai ba ne. A shekarar tamanin da takwas aka yi gasar fidda waɗanda za su wakilci jiha. Arzika na da shekara ashirin da uku, an gama sa rai shi ne zai tafi. Wanda zai kara da shi a wasan ƙarshe Siddiƙu ne, ɗan ƙanwar mahaifiyar Junaidu, gida ɗaya suka tashi. Da safiyar ranar Siddiƙu ya hau sikeli, allura ta wuce sittin da uku ta tsaya. Daga su biyu sai kocin Siddiƙu a ɗakin, shi ma ya juya yana kallon taga. Siddiƙu bai roƙa ba, kallonsa kawai ya yi. Junaidu ya rubuta sittin, ya sa hannu. A ransa ya ce ai Arzika zai cinye shi ko da kilo nawa ne, aƙalla ɗan'uwansa ya samu a ce ya kai wasan ƙarshe.

A turmi na biyu Siddiƙu ya sami Arzika da hannun dama a kan idon hagu. Idon bai ƙara gani ba. Arzika ya bar dambe. Abokan hamayyarsa biyu da suka yi tashe tare da shi a ajin suka watse cikin shekara guda, don ba wanda za su yi gumi dominsa. Siddiƙu ya je gasar ƙasa, aka auna shi a can, aka tura shi ajin sama, aka fitar da shi a wasan farko. Ba wanda ya waiwayi takardar Sakkwato. Siddiƙu ya rasu shekara tara da suka wuce, kocin ma ya riga shi. Su biyun ba su taɓa ɗaga maganar da Junaidu ba.

Bayan kwana uku Khaula ta dawo da murna, ta ce ta gano Arzika. Yana Gidan Dare, yana da rumfar gyaran keken ɗinki. Ta kunna wa mahaifinta abin da ta ɗauko. Muryar dattijo ce mai sanyi. Yana cewa laifinsa ne, shi ya sauke hannun hagu don ya raina yaron. Ya ce har yau in ya ga matasa na atisaye yakan tsaya ya ce musu kada su yi irin wautarsa. Ya ce abin da bai gane ba shi ne nauyin naushin, don bai taɓa jin ɗan kilo sittin ya yi bugu haka ba, amma Allah ke ba da ƙarfi inda ya so.

Malam Junaidu ya kasa cin abincin rana. Da la'asar ya tari keke Napep, bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Ya sami Arzika zaune a benci, ya karkata kai yana duba cikin wani keken ɗinki da idonsa mai kyau. Arzika ya gane baƙonsa nan take, ya miƙe da fara'a, ya share masa wuri, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Iyatu ta kawo ruwa, yau ga mai sikeli da kansa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi addu'a ga waɗanda suka rasu. Malam Junaidu ya riƙe kofin ruwan bai sha ba.

"Arzika, ba hannunka na ba," ya ce. "Siddiƙu ya hi sittin da ukku ran nan. Ni na gani, ni na rubuta sittin."

Arzika ya koma kan aikinsa. Ya ɗauki sukudireba, ya mayar da wani ɗan ƙarfe, ya juya keken da hannu yana sauraron ƙararsa. Wata mata ta zo karɓar nata, ya sallame ta a natse. Sai da ta yi nisa ya tambaya ko Siddiƙu ne ya sa shi. Malam Junaidu ya ce a'a, ba wanda ya sa shi.

"Shekara talatin da bakwai ina zagin kaina," in ji Arzika. "Ɗiyana ma sun san ubansu sakarci yay yi. Kai kuma kana Arkilla."

Malam Junaidu ya nemi gafara. Arzika ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, bai san abin da ke zuciyarsa ba tukuna. Abu ɗaya yake so. Tunda 'yar Malam Junaidu na haɗa shiri, ya faɗa a can da bakinsa, inda tsofaffin da suka kalli wasan za su ji. Amma kada ya ɗora wa Siddiƙu laifin, don yana ƙarƙashin ƙasa, yana kuma da 'ya'ya, ba shi ya riƙe biro ba.

Washegari Malam Junaidu ya kira Khaula ya ce ta kunna wayar. Ya faɗi komai cikin minti huɗu, ba tare da ya dube ta ba. Da ya gama ta tambaya ko ya tabbata yana so a sa. Ya ce ta sa, kada ta yanke ko kalma.

Shirin ya fita ranar Lahadi da yamma. Bai tayar da ƙurar da ya zata ba. Wasu tsofaffi biyu suka kira gidan rediyon, ɗaya ya ce dama ya yi zargi, ɗaya kuwa ya dage cewa masu nauyin shekarun saba'in sun fi. Babban ɗan Siddiƙu ya daina gaishe shi a masallacin Juma'a. Khaula ta ci gaba da kawo masa shayi, sai dai hirarsu ta ragu, shi kuma bai ga laifinta ba.

Bayan wata biyu aka yi auren 'yar autar Arzika. Iyatu ce ta aiko da goro Arkilla, ba a ce daga maigidan ba. Malam Junaidu ya je ɗaurin auren, ya zauna can baya a gefen tabarma. Da aka shafa fatiha Arzika ya bi jama'a yana gaisawa. Da ya iso kansa ya miƙa masa hannu kamar kowa, ya ce ya gode da zuwa, ya wuce ga na gaba.