Tururuwa a Ƙofar Malam Haladu

Zazzaɓin ya fara taɓa Zulai tun da hantsi, amma sai bayan azahar ya kayar da ita. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, ta ja gyale ta rufe ƙafafunta, ta ajiye goran ruwan maganin mijinta daf da kanta kamar mai gadin jariri. Ta ƙofar ɗaki tana jiyo numfashin mijinta, Malam Haladu tela, wanda a 'yan kwanakin nan ko keken ɗinkinsa ba ya iya takawa.

Ciwon suga ne da shi, ya daɗe yana haɗiyar ƙwayoyin asibiti safe da yamma. To, a wani bikin suna ne Zulai ta gamu da Hajiya Turai, mace mai bakin da zai sayar maka da takalmin da ke ƙafarka. Hajiya ta jera kofuna biyu a gaban mata. Ta ɗiga wani magani a ruwan famfo ya koma ruwan ɗorawa, ta ɗiga a nata ya koma shuɗi mai kyan gani.

"Gani ya kori ji," in ji ta. "Wannan shi ne ruwan alkalain. Duk wata cuta tsami ce a cikin jini, shi kuwa tsamin yake kashewa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya ga-maciji da ƙwayar asibiti."

Mata suka ɗauki salati. Zulai, wadda ko manja ba ta saye sai ta lasa, ta dawo gida da jarka guda ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ba wauta ce kaɗai ba, a yi mata adalci, tausayin mijinta ne ya rufe mata ido. Ta lallashe shi har ya yarda, don shi ma ya gaji da ƙwaya. Gudun kada ya karya sharaɗi, ta kwashe magungunan ta ɓoye a cikin kwallar aurenta, can saman kabad. Da ƙishirwa ta fara addabarsa, fitsari ya hana shi zama, ta buga wa Hajiya waya. "Alhamdu lillahi!" in ji Hajiya. "Cutar ce ke fita. Ki ƙara masa."

Tana cikin juya wannan magana a ranta idanunta suka yi nauyi.

Sai ta ji tabarmar tana lilo. Ta duba, tsakar gidan ya cika da ruwa shuɗi, turmi da taɓarya suna yawo a kai. A bisa ruwan kuwa ga layin tururuwa yana fitowa daga ɗakin Malam, suna tafiya ba sa nutsewa. Na gaba suna ɗauke da allurarsa. Na bayansu sun tallabo almakashinsa, wasu hularsa. Na ƙarshe suna jan wani abu mai duhu, shimfiɗaɗɗe, da ta ƙura ido sai ta gane inuwarsa ce.

Zulai ta daka musu tsawa. "Kai! Ina za ku kai kayan mutane?"

Wata babbar tururuwa mai jan kai ta tsaya, ta dube ta sama da ƙasa. "Mu zaƙi muke bi, uwargida. Inda ya zuba, nan muke."

"Ina mijina?"

"Ba ma ɗaukar mutum gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan muke ɗiba."

Tururuwar ta juya ta bi layi. Zulai ta suri goranta ta rufa musu baya, ruwan yana ɗaukarta kamar daɓe.

Suna fita zaure, maimakon lungun unguwarsu sai ga kasuwa. Rumfuna jere ba iyaka, kuma duk mai rumfa ba shi da fuska, waya ce ke haske a inda fuskar ya kamata ta kasance. Kayan da kansu ke talla. Wani awarwaro yana tsalle a faranti yana rantsuwa shi ke zuƙe hawan jini. Wani ganyen shayi yana cewa a ba shi dare ɗaya ya wanke hanji tas. Wata filasta da ake manna wa a tafin ƙafa tana nuna baƙin cikinta tana ihu, "Ku ga dattin da na tsotso!" alhali ko ƙafa ba ta taɓa ba, gumin rumfar ne ya baƙanta ta. Duk wanda ya saya sai ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti a wani babban kwando a bakin ƙofa, ya wuce yana murmushi yana ɗingishi.

Goran da ke hannunta ya motsa, ya yi magana da muryar Hajiya Turai. "Kar ki kula kowa. Ni kaɗai ne na gaskiya."

"Haka dukansu ke cewa," in ji wata murya daga ƙasa.

Wata tsohuwa ce zaune a gindin rumfa, jikinta fari-fari da toka-toka, duk ya tsattsage, in ta motsa gari na zuba daga gwiwar hannunta. A gabanta ga ƙore uku cike da ruwa.

"Iya, wace ce ke?"

"Yau ni kike tambaya? Kullum ina cikin madafinki. Ni ce Kanwa. Ke kike jefa ni a wake don ya yi laushi, ki jefa ni a kuka don ta yi yauƙi. Miƙo maganin ɗigawar nan, 'yar nan."

Zulai ta laluba ƙugunta, sai ga ƙaramar kwalbar Hajiya a ɗaure a bakin zanenta. Tsohuwa ta ɗiga a ƙwarya ta farko, ruwan ya koma shuɗi. Ta ɗiga a ta biyu, shuɗi. Ta uku ma har ta fi su kyau.

"Na farkon jiƙona ne," in ji Kanwa. "Na biyun ruwan toka. Na ukun ruwan sabulun wanki. Wanne za ki kai wa Malam?"

"Haba Iya! Sabulu fa kika ce."

"Ba shuɗi kike nema ba?"

Zulai ta dubi abin da ke hannunta. Goran ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi.

"Launin nan labarin kofi yake ba ki," in ji tsohuwa tana miƙewa da ƙyar. "Bai san komai game da mijinki ba. Taso, tururuwa sun yi nisa."

Suka bi layin har ƙarshen kasuwa, inda suka tarar da wata busasshiyar ƙofa, gefenta duk ya dare. Zulai ta san wannan ƙofa. Leɓɓan Malam ne, yadda suka koma tun da ƙishirwar ta kama shi. Kanwa ta kama hannunta suka shiga, suka gangara wani dogon lungu mai ɗumi mai santsi, har suka faɗo a bakin wata ƙatuwar tukunya tana zaɓalɓala. Warin tsami ya bugi hancin Zulai har haƙoranta suka mutu.

Wata doguwar mace siririya, baƙa, mai lanƙwasassun yatsu, tana juya tukunyar da muciya. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ƙawata ce, Tsamiya," in ji Kanwa. "Ita ke tsaron ciki. Ni da ita mun daɗe muna karawa a tukunyar kununki."

"Me kika kawo?" in ji Tsamiya.

"Ruwan da ke kashe tsamin jini," in ji Zulai, amma muryarta ta yi ƙasa.

"Zuba mu gani."

Ta tuttula. Ruwan ya sauka da shuɗinsa yana taƙama, ya yi 'yar kumfa fuuu, shi ke nan. Ko alamarsa ba ta rage ba.

"Duk wanda ya shigo nan sai ya tuɓe rigarsa," in ji Tsamiya, ta ci gaba da juyi. "Ya shigo alkalain, zai wuce ruwa kamar kowane ruwa. Tsamin nan da kike gani Allah ne ya ajiye shi, da shi ake dafa abin da mijinki ya ci. Wa ya ce miki cuta ne?"

"To jinin fa?"

"Je ki tambayi tagwaye, in sun sami bakin amsa miki."

Ƙasan tukunyar ya buɗe, Zulai ta zurma. Ta tsinci kanta a bakin wani jan kogi. Ba gudu yake yi ba, jan jiki yake, ya yi kauri kamar maɗi, tururuwa sun yi baƙi a gaɓarsa. A tsakiyarsa ga mata biyu masu kama ɗaya, ruwa har ƙugu, kowacce da rariya a hannu, suna tacewa suna watsawa waje, suna tacewa suna watsawa. Idanunsu sun yi zuru-zuru, rariyar ɗaya ta fara yagewa a gefe.

"Ƙodojinsa ne," Kanwa ta raɗa mata. "Yi musu sannu."

"Sannunku da aiki, bayin Allah. Na kawo muku taimako, don tsamin jini."

Ɗaya ta yi dariyar da ba daɗi, hannunta bai tsaya ba. "Ma'aunin tsamin jini a hannunmu yake, mu da masu zuga-zugi na can sama a ƙirji. Tun ranar da aka haife shi muke riƙe da shi daidai, ba mu taɓa aika a sayo mana ruwa ba."

"Zaƙi ne ke kashe mu," in ji ɗayar. "Dubi kogin."

"Amma an ce min yawan fitsarin nan cutar ce ke fita."

Nan fa duk biyun suka ɗago kai suka dube ta, ta farkon ta ce:

"In kika ga mai kwalekwale yana kwarfar ruwa da ƙwarya ba ji ba gani, wanka yake yi?"

Zulai ta ja da baya. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa.

"Akwai wani ɗan farin baƙo," in ji mai yagaggiyar rariya, "ƙarami kamar ƙwayar wake. Safe da yamma yake zuwa ya rage mana zaƙin, mu samu mu numfasa. Tun bayan wani bikin suna ba mu sake ganinsa ba. Ko kin san wanda ya tsare shi?"

Daga can sama, inda ya kamata a ce sararin samaniya ne, sai aka ji ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Zulai ta ɗaga kai. Murfin kwallar aurenta ne ya rufe duniyar gaba ɗaya, da furanninsa ja da kore, ana bugunsa daga ciki da 'yan ƙananan hannuwa.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji ƙarar keken ɗinki. A ɗaya gaɓar kogin ga Malam Haladu zaune, ba hula, ba inuwa, yana taka keke a hankali. Farin yadi ne a gabansa, dogo, ba wuya ba aljihu. Ya ɗinka kaɗan, ya tsaya, ya gwada a jikinsa daga kai zuwa ƙafa, ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in awo ya yi daidai.

"Malam! Malam, ajiye yadin nan! Na wane ne?"

"Saura kalmasa kawai," in ji shi, bai ɗago ba. Sannan ya lashi leɓɓansa. "Zulai, ba ni ruwa."

Goran ya sake cika da kansa, ya yi nauyi, ya soma jan hannunta zuwa gaba. "Ki ƙara masa," in ji muryar Hajiya. "Ki ƙara masa." Kanwa ta damƙe wuyan hannun Zulai, yatsunta suna marmashewa suna zuba, goran yana ja, tsohuwa tana ja, rariyar nan ta yage ɓarak, kogin ya taso.

"Zulai, ba ni ruwa."

Firgigit ta tashi zaune. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, ana kiran la'asar a masallacin bayan gida. Tsakar gida a bushe, turmi yana inda yake. Ta sauke ajiyar zuciya ta fara addu'ar mugun mafarki, sai idonta ya sauka a daɓe. Layin tururuwa ne, siriri, ya taso daga gindin katanga ya bi ta gefen tabarmarta, ya shige ɗakin Malam, ya nufi fon fitsarin da take ajiye masa a ƙarƙashin gado.

Ba ta san lokacin da ta taka kujera ba. Ta finciko kwallar, murfin ya faɗi ya yi ta ƙara a ƙasa, ta kwashe magungunan ta ƙulle a bakin zane. Ta ruga jikin katanga tana kwaɗa wa maƙwabciyarta kira.

"Maman Sadiya! Don girman Allah ki ce wa maigidanki ya fito da adaidaitarsa! Asibiti za mu, yanzu-yanzu!"

Ta wuce goran a inda yake, ta ɗebo ruwan randa a moɗa ta shiga ɗaki. Malam yana kwance, ya zabge, idanunsa sun faɗa. Ta tallabo kansa, ya shanye tas, ya riƙe hannunta da yatsunsa masu zafi, ya yi mata ɗan murmushi don ya kwantar mata da hankali.

"Kar ki yi kuka mana," in ji shi da ƙyar. "Ba ke kika ce cutar ce ke fita ba?"

A ƙofar gida adaidaita ta danna hon.