Fitilar Gidan Inna

Ko baƙin man da ke hannunsa bai goge ba ya tayar da babur. Matarsa ce ta kira shi a gareji tana kuka, wai ta shiga wanka ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe, babu Inna. Ga magariba ta yi, ga tsohuwa ba ta sha maganin sukarinta ba, ga shi yanzu ko sunan unguwar ba ta iya riƙewa.

Tun da mantuwa ta kama mahaifiyar tasa ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, kullum da yamma takan zauna a bakin ƙofa ta nuna wani tauraro mai haske a saman tankin ruwan unguwa. Sai ta ce fitilar gidansu ce, an kunna ana jiranta. Shi da matarsa su yi ta dariya. Yau kam babu abin dariya.

Kai tsaye ya nufi tankin. Ya zagaya shi, ya leƙa kwalbati, ya tambayi mai shayi da mai faci, kowa ya ce bai ga wucewarta ba. Ya ɗaga kai zai kai kukansa ga Allah, sai ya ga saman tankin wayam. Ashe tauraron ya koma can gefe, kan ƙarfen sabis na waya, wajen babban titi. Rabonsa da kallon sama an yi watanni, shi a zatonsa abin a kafe yake kamar ƙwan lantarki. Inna kuwa ba ta taɓa fashin kallo ba, lallai shi ta bi.

Gudun da ya yi, Allah ne kawai ya tsare. Ya same ta a bakin kwalta, takalmi ƙafa ɗaya, tireloli na wucewa suna kaɗa mata mayafi, tana neman tsallakawa. Ya kama hannunta, ta fizge, ta ce ita ba za ta bari mutane su yi ta ƙona kananzir a banza ba. Bai yi mata gardama ba. Ya sake riƙe ta gam, suka tsaya a nan har tauraron ya sauka bayan rufin wani sito.

"Ka gani ko? Ka ja sun gaji sun kashe," in ji ta.

"Yi haƙuri, Inna. Gobe ma za su kunna."

Sai da maganar ta fita gabansa ya faɗi, don gaskiya ya faɗa. Ita kuwa ta gyara mayafi, ta ce to, gobe sai ta fito da wuri.