Kwaɗo Uku a Ƙofar Ɗakin Sanyi

Ga ta nan, ku matso kusa.

Ta zo, muna ji.

"Malam Haggai, a fasa kwaɗon nan!" in ji Rahamatu, tana tsaye da taɓarya a ƙofar ɗakin sanyi na Angwan Iya.

Ɗakin nan, kun gane, na unguwa ne, da hasken rana yake aiki. Mai kifi ya ajiye kifinsa, mai zoɓo ta ajiye zoɓonta. Don kada wani ɓangare ya mallake shi, kwamiti ya rataya kwaɗo uku: na masu masallaci, na masu coci, na baƙin 'yan kasuwa. Ba a buɗewa sai makulli uku sun haɗu. To, ran nan Ndubuisi mai riƙe da na 'yan kasuwa ya tafi garinsu jana'iza, ya manta makullin a aljihunsa. A ciki kuwa akwai allurar ciwon suga ta Mama Filomina, maƙwabciyar Rahamatu, irin allurar da ba ta jure zafi.

Haggai, shugaban kwamiti, ya goge gumi. "Maman Zubaidatu, Filomina 'yar cocinmu ce fa. In na fasa, a ce na karya doka don tamu. Ga taɓarya a hannunki, ke ki fasa mana."

"A ce Musulmi sun fasa kwaɗon Ibo?"

"Kin gani ko? Mu kira taro jibi. Ai Ndubuisi yana hanya."

Rahamatu ta ɗaga taɓaryar. Ta dubi mutanen da suka taru suna kallo. Sai ta sauke.

Ta zaga kemis huɗu har bakin tasha, babu irin allurar. Da ta dawo ta tarar da Filomina a tabarma, leɓenta ya bushe, tana ta shan ruwa.

"Bar su, ƙawata," in ji tsohuwar. "Na sha ruwan shuwaka. Kin dawo da taɓaryata? Kullum sai kin ara, mai rowa."

Ranar taron aka ɗauki Filomina a keke, ba ta gane kowa. Ba ta kai la'asar ba a asibiti.

Ranar binne ta kuwa, 'yan makoki sun cika layi, ga rana, ga ƙishi. Kwamiti bai yi minti biyar yana shawara ba, aka kira mai walda ya yanke kwaɗon, aka fito da ƙanƙara.

Ndubuisi ya dawo ya yi kuka, ya ajiye makullin. Haggai har yau shi ne shugaba. Rahamatu ta daina kai zoɓo can. Allurar dai ta karɓo ta, tana nan a kan tagarta cikin baƙar leda, da sunan Filomina a jiki, kusa da taɓaryar da ba ta mayar ba.